Yadda Na Saci Hatimin Likita Saboda Lasisin Tuƙi

Ba zan faɗi sunana ba, domin da shi ake kiran 'ya'yana a makaranta, kuma su ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne ni mutumin Funtuwa ne, ɗan tela, na uku a ɗakinmu. Mahaifina ya yi shekaru yana taka keken ɗinki har ƙafarsa ta riƙa kumbura don in yi karatu, na kuwa yi. Na karanci aikin gwajin jini da fitsari, na yi shekara bakwai a wani asibiti a gida ban taɓa ɗaukar ko auduga ba. Ina salla a kan lokaci, ina da matata Rabi da yara biyu. Da a lokacin wani zai ce min wata rana zan kwana a kurkuku, da na ce ya je a duba kansa.

Wadda ta yi min hanyar zuwa Riyad ita ce Dakta Hajara, 'yar garinmu, likitar masu ciwon suga da hawan jini. Ta daɗe tana aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a unguwar Shifa, irin wanda a can ake ce wa mustausaf. Mahaifina ne ke ɗinka wa mijinta kaya tun suna samari, shi ya sa da aka nemi mai gwaji ta kai sunana wajen mudir, wato shugaban asibitin. Ita ta tsaya har takarduna suka fito. Mijinta ne ya tarbe ni a filin jirgi, a gidansu na ci tuwona na farko a ƙasar. Ina ce mata Anti, ita kuma ko a gaban Larabawa ƙanena take ce min. Ku riƙe wannan, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Shekara biyu da zuwana na ɗauko Rabi da yara, na yi lasisin tuƙi, na sayi mota fara. Daga nan kaina ya fara kumbura. A asibitin akwai masu shara da masu ɗaukar kaya, yawancinsu mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke kwana can unguwar Sulay, motar ma'aikata ta ɗauko su da safe ta mayar da su da yamma. Saboda farar rigar da nake sawa, Dakta suke ce min. Ni ba likita ba ne, na kuma sani sarai, amma ban taɓa gyara musu ba. Babbansu wani dattijo ne, Malam Mamman, mutumin Maraɗi, ya kusa haihuwata. Kullum shi ke fara gaishe ni da Hausa, ni kuwa in amsa masa da guntun Larabcina, don kada ma'aikatan jinya su gane yarenmu ɗaya da mai riƙe da tsintsiya. Ɗan tela ke nan fa.

Na samu waɗanda nake ganin su ne daidai da ni. Jagoransu Injiniya Kabiru, mutumin da ba ya iya gama magana bai ambaci sunan kamfaninsu ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu taru a wata istiraha da suke kamawa a bayan gari, wato gidan shaƙatawa mai katanga da 'yar ciyawa. A gasa rago, a ci shinkafar kabsa, a kalli ƙwallo, a zagi shugabannin Najeriya. Sai a zuwana na huɗu na gane abin da ke cikin butar shayin da ke zagayawa tsakanin mutum biyar kawai: barasa ce. Kabiru ya miƙo min kofi ya ce, "Ɗan gari, ka daina yi mana kallon liman. Kurɓa ɗaya ba ta kai mutum wuta." Ba wanda ya danne ni. Na karɓa ne don kada a ce ni baƙauye ne. Manyan mutane masu digiri, da turaren Juma'a a jikinsu, sun ɓuya bayan katanga suna shan abin da wani ya dafa a banɗakinsa, suna ganin wayewa ce. Ni ma haka na gani.

Bayan 'yan makonni na fara yi musu burga. Na ce abin da suke sha guba ne, ni na san inda mai kyau yake. A ɗakin gwajinmu akwai sifirit iri biyu, wanda ke makantar da mutum da wanda ba ya yi, kuma aikina ne in san bambancinsu. Ranar Alhamis na zuba kaɗan a gorar ruwa na sa a jaka. Na yi ta istigfari har gida. Alhamis ta biyu ko istigfarin ban yi ba. Kafin wata uku gora biyu nake ɗauka, kuma in an tambaya sai in ce na'ura ce ke cin sifirit. A istiraha aka sa min suna Mai Magani, ina shiga ana tafi. Ilimin da mahaifina ya kumbura ƙafa a kansa, abin da na yi da shi ke nan.

Ranar da aka kama ni Juma'a ce, bayan la'asar, muna istiraha na riga na sha da yawa. Rabi ta kira ta ce ƙaramin yaronmu na zazzaɓi, in zo. Kabiru ya ce in ɗan kwanta tukuna, na ce masa ko ido rufe zan kai kaina Shifa. A wani shataletale kusa da Sulay na hau kan dakali na daki ƙarfen gefen titi. Taku kaɗan daga wurin wasu leburori uku ne tsaye suna jiran su tsallaka. Allah ne Ya tsare su, ba ni ba. Ban ma fito na dube su ba, gaban motata na tsaya dubawa.

'Yan murur, wato 'yan sandan hanya, suka iso. Ɗayansu ya matso ya tambaye ni iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisi, yana jin numfashina ya ja da baya. Suka ba ni wata na'ura na hura, suka dubi juna, suka sa ni a motarsu. A asibitin da suka kai ni wani ma'aikaci ɗan Indiya ya zo ɗibar jinina. Ina zaune da ankwa a hannu ɗaya, ina warin barasa, amma sai da na gaya masa bai iya ɗaure dantse ba. Ya cika kwalbarsa ya tafi.

Kwana shida na yi a tsare. Anti Hajara ce ta yi ta bin mudir har ya yarda ya zo ya tsaya min. Aka ci ni tara, aka sa na rubuta alkawarin ba zan sake ba, aka dakatar da lasisina na wasu watanni. Jami'in da ya miƙo min takardar ya ce in gode wa Allah, domin akwai waɗanda a kan abin da bai kai nawa ba aka sa su a jirgi. Da na fito Anti ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙanena, Allah Ya rufa maka asiri, kai ma ka rufa wa kanka. Ka yi haƙuri da watannin nan, za su wuce. Ban gaya wa Baba ba, ba kuma zan gaya masa ba." Na yi kuka a gabanta, na rantse. Rabi ma ta yafe, ko da yake ta yi mako ba ta haɗa ido da ni ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da yau ina can ina aikina. Ba barasar ce ta kai ni gidan yari ba. Motar ma'aikata ce.

Tunda ba ni da lasisi, mudir ya ce motar da ke ɗauko masu shara daga Sulay ta riƙa biyowa ta ƙofar gidana. Ranar farko da na shiga, Malam Mamman ya tashi daga kujerar gaba ya ce, "Dakta, zamna nan, ya fi sanyi." Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi min tambaya, wani ma ya miƙo min dabino. Amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na zauna ina toshe hanci da hankici, ina kallon taga kada wani da ya san ni ya hango ni. Mutumin da ya kusa take leburori uku bai ji kunyar wannan ba, kunyar zama kusa da masu shara yake ji. Mako biyu na yi a haka na ce ba zan iya ba.

Na kira Kabiru, wanda tun da aka kama ni bai ko turo saƙon jaje ba. Da ya tabbatar ban ambaci sunansa ba sai muryarsa ta saki. Ya ce ai doka ta ba ni damar shigar da ƙorafi, i'itiradi suke ce masa, a sake duba dakatarwar. Wannan gaskiya ne, hakki ne na kowa, kuma wanda aka zalunta ya kamata ya bi shi. Ni dai ba a zalunce ni ba. Sai ya ƙara da cewa, "In da za ka samu takardar likita cewa kana da suga, kuma kana shan wani maganin tari mai sifirit a ciki, ai magana ta ƙare. Kai da ke cikin asibiti, wannan ma abin tambaya ne?"

Ni ne fa mai gwajin jini. Na fi kowa sanin cewa ko kwalba goma ta maganin tari mutum ya shanye, jininsa ba zai nuna abin da nawa ya nuna ba. Amma girman kai rawanin tsiya ne, in ya sauko ya rufe ido ba ka ganin ko tafin hannunka. Na fara zuwa wurin Anti na yi mata zancen a kaikaice. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Ba ka da suga. Ni na duba ka. Kada in sake jin wannan maganar." Na ce wasa nake yi.

Ranar Talata, da aka kira azahar ta tafi ɗakin sallar mata, na shiga ofishinta. Na san aljihun teburin da take ajiye hatiminta, don sau da yawa a gabana take buɗewa. Na riga na buga takardar a kan fom ɗin asibiti, na yi kwana uku ina koyon sa hannunta. Na danna hatimin, na mayar, na juyo, sai ga Malam Mamman a bakin ƙofa da bokiti. Ya dubi takardar, ya dube ni. Na daka masa tsawa da Larabci na ce ya je ya goge wani wurin. Ya matsa min na wuce.

Na shigar da ƙorafin, na haɗa da takardar. Ranar da aka kira ni na sa kwat, na je da fayil a hammata kamar lauya. Mutum biyu ne a ofishin. Babban ya karanta ya tambaye ni tun yaushe nake da suga, na ce shekara uku. Ya ce me ya sa ban faɗa ba ranar da aka kama ni, na ce ruɗewa ce. Ya gyaɗa kai ya ce za su tuntuɓi asibitin, in je za a neme ni. Na fito ina murmushi. A hanya har na tsaya na sayi sabon turaren mota.

Abin da kowane yaro zai iya hangowa shi ne ya faru. Suka rubuta wa asibiti, aka duba kwamfuta ba a ga sunana cikin masu sugan da Dakta Hajara ke dubawa ba, ga kuma hatiminta da sa hannunta a kan takarda. Tunda kowa ya san ita ta kawo ni, ita ta kuma roƙa aka sake ni, sai zargi ya faɗa kanta. Aka dakatar da ita daga ganin marasa lafiya, aka hana ta fita ƙasar har a gama bincike. A lokacin mahaifiyarta na kwance a Funtuwa, ta riga ta shirya tafiya duba ta.

Da mudir ya tambaye ni, na ce ita ta ba ni. Da bakina na faɗa, ina kallon ƙasa. Ta kira ni a waya sau ɗaya kawai. Ta ce, "Ƙanena, ka gaya musu gaskiya, ko don Inna." Na ce mata layin ba ya da kyau. Mako uku na yi ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina wucewa ta ƙofar ofishinta a rufe, tsofaffin da suka saba da ita suna zuwa ana mayar da su. Ina gaya wa kaina ai ita babba ce, ta san mutane, za ta fita. Ni ne ƙarami, ni ya kamata a tausaya wa.

Wata safiya a motar ma'aikata Malam Mamman ya dawo kusa da ni ya zauna. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, wanga abu ba shi da kyau. Na gane ka da idona. Matar nan ita ka duba mu in ba mu da lafiya, ba ta taɓa tambayarmu ko mu su wa ne ba. Ka tai ka hwaɗi da bakinka, ya fi maka daraja. In Alhamis ta yi ba ka hwaɗi ba, ni za ni hwaɗi."

Ranar ce kaɗai na yi masa magana da Hausa, kuma abin da na ce masa shi ne, "Kai wa zai saurare ka? Mai shara? Ka kiyayi iƙamarka, kalma ɗaya zan yi wa mudir a mayar da kai ƙauyenku." Ya ce, "Wanda ya kawo ni Shi ka maishe ni," ya tashi ya koma wurinsa.

Ranar Alhamis ya ajiye tsintsiyarsa ya shiga ofishin mudir. Ya faɗi rana, ya faɗi lokaci. Aka koma kan hoton kyamarar baranda na wannan azahar, ga ni ina shiga ofishinta da takarda, ga ni ina fitowa. Kafin a tashi aiki aka zo aka tafi da ni, da farar rigar a jikina. Da bincike ya faɗaɗa aka duba ma'ajiyar ɗakin gwaji, maganar sifirit ma ta fito. Laifi uku aka karanta min a gaban alƙali: ƙirƙirar takarda, sata, da yi wa hukuma ƙarya. Ya tambaye ni me ya kai ni. Na sunkuyar da kai, domin amsar gaskiya ita ce ba na son zama a mota ɗaya da masu shara, kuma ko ni na ji nauyin furta wannan a gaban mutane. Aka yanke min ɗauri, bayansa kuma a fitar da ni daga ƙasar ba dawowa.

An wanke Dakta Hajara, amma Inna ta rasu kwana huɗu kafin a ɗage mata takunkumin tafiya. Wannan labarin a gidan yari ya same ni, Rabi ce ta gaya min a ziyararta ta ƙarshe kafin ta kwashe yara su koma gida, tunda zamansu a kan iƙamata yake. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na zo ne in gaya maka da bakina, don kada ka ce ba ka sani ba."

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Wata goma sha huɗu na yi. Ɗaki ɗaya da masu fasa shago da masu sayar da ƙwaya, kuma ba wanda ya damu da cewa na taɓa sa farar riga. Aikin da aka ba ni wankin banɗaki ne. Cikin 'yan istiraha ba wanda ya leƙo, Kabiru ma na ji ya canza lamba. Ban ga laifinsa sosai ba, abotar da aka ƙulla a kan butar shayi iyakarta ke nan. A can na koma salla da gaske, ba don na zama waliyyi ba, sai don na rasa wanda zan yi wa ƙarya. Daga nan aka kai ni gidan jiran masu komawa gida, aka sa ni a jirgi da kayan jikina da leda ɗaya.

Na tarar da mahaifina ya daina ɗinki, ido ya yi rauni. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, ban rage ba. Da na gama ya ce, "Ni ba ni ka yi wa ba. Ka san gidan da za ka." Na je gidan su Anti na yi ta'aziyyar da ta makara fiye da shekara. Yayanta ya karɓe ni a zaure, ya kira ta a waya a gabana. Ban ji muryarta ba. Da ya kashe ya ce, "Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta kuma ce kada ka sake nemanta." Na ce na gode, domin ya fi abin da na cancanta.

Yanzu ina taimaka wa wani ɗan'uwana a shagon kayan gini. Ba asibitin da zai ɗauke ni, kuma daidai ne. Rabi ta dawo bayan an sha fama, muna zaune, ko da yake har yau in na ce mata na kusa isowa gida sai ta tambayi wani ta tabbatar.

Ku matasa, musamman masu shirin fita waje aiki, ga abin da zan ce muku. Kofin farko kada ku karɓa, ko wa ya miƙo, kuma wanda ya ce muku baƙauye don kun ƙi, ku bar shi da wayewarsa. In kun sha, kada ku taɓa sitiyari, don mutanen da ke bakin titi ba su sha tare da ku ba. In kuma ƙaddara ta sa kun yi laifi aka hukunta ku daidai da laifin, ku sunkuyar da kai ku ɗauka. Ƙofar ƙorafi an yi ta ne don wanda aka zalunta, mai laifin da ya shige ta da ƙarya wani ramin yake haƙa wa kansa, kuma ba shi kaɗai zai faɗa ba. Wanda zai fara faɗawa shi ne mutumin da ya fi yarda da ku, domin shi ne ba ya kulle aljihun teburinsa in kuna wurin. Ni watanni kaɗan aka ce in yi haƙuri. Na ƙi, sai wata baiwar Allah ta biya da ganin mahaifiyarta na ƙarshe, kuma wannan babu ofishin da ake shigar da ƙorafinsa.